Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Muhalli da majalisar CNEDD: kafin a ɗora wa litar mai harajin kabon

Zuwa ga Mai Girma Ministan Muhalli da shugabannin majalisar CNEDD mai kula da muhalli da ci gaba mai ɗorewa, ta hannun Mai Girma Gwamnan Jihar Maraɗi.

Assalamu alaikum. Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri.

Masu wannan takarda ma'aikata ne a Maraɗi: masu gyaran firigo da kilim (na'urar sanyaya ɗaki), masu haɗa wutar sola, maƙeran murhu, da malaman gona da na daji. Dalilin rubutowa shi ne maganar sa wa hayaƙin kabon farashi. Tun yarjejeniyar Paris ta 2015 ba a tashi taron sauyin yanayi ba a ambace ta ba, kuma ta ƙara kauri da aka kammala ƙa'idojin cinikin kabon tsakanin ƙasashe a taron Baku na 2024. Ko ba daɗe ko ba jima, masu ba da shawara da masu ba da bashi za su ajiye ta a teburinku. Ra'ayinmu shi ne kada a ɗora wannan haraji a kan litar mai ko kwalbar gas a yanzu. A fara da doka kan ingancin kayan da ke shigowa, da tsimin wuta a ma'aikatun gwamnati, da tabbatar wa manomi iccen gonarsa. Farashi kuwa a kai shi inda ake iya ƙirga bututun hayaƙi da yatsun hannu.

Ba raina dabarar muka yi ba, don inda ta dace ta yi aiki. Hujjar masu ita a fili take: a sa kuɗi kan kowane tan na hayaƙi, a bar kowa ya nemi hanyar ragewa da ta fi masa araha, ba sai hukuma ta bi masana'antu ɗaya-ɗaya tana zaɓa musu inji ba. Suwidin ta fara harajin a 1991, yau ya haura yuro 100 kan tan, hayaƙinta ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku alhali tattalin arzikinta na ta girma. Birtaniya ta yanka wa tashoshin lantarki farashin da ba a sauka ƙasa da shi a 2013, lokacin da kwal ke ba ta kusan kashi 40 cikin 100 na wuta, a 2024 ta rufe tashar kwal ta ƙarshe. Sai dai a duba abin da ya riƙe wannan nasara. Mai tashar kwal a Birtaniya yana da tashar gas a gine tana jira, da injinan iska da ake ta kafawa. Kasuwar izinin hayaƙi ta Tarayyar Turai, wadda aka buɗe a 2005, da masana'antu da tashoshi kusan 10,000 take hulɗa, kowace da awonta da mai binciken lissafinta. Duk da haka, da aka raba izini fiye da kima, tan ya faɗi ƙasa da yuro 5 a 2013, sai a 2023 ya taɓa 100. Wato farashi yana son abu biyu: hayaƙin da ake aunawa, da wata hanyar da mai biya zai koma.

To, mu yi lissafin namu. Litar fetur tana fitar da kilo 2.3 na kabon, ta gazuwal kusan 2.7, kilo ɗaya na gas ɗin girki kusan 3. Idan aka sa yuro 50 kan tan, yuro kuma sefa 656 ne, lita ta fetur za ta ƙaru da sefa 75, ta gazuwal da kusan 88. Kwalbar gas mai kilo 6, wadda farashin hukuma na cika ta sefa 1,800 ne, za ta ƙaru da kusan 590. Mai kabu-kabu da ke shan lita uku a yini zai biya sefa 225 kullum, kuma ba shi da babur ɗin lantarki ko motar haya ta gari da zai koma, sai ya ƙara wa fasinja. Na gas ɗin ne ma abin tsoro. Uwargidan da aka sha wahala kafin ta bar icce, ranar da kwalba ta tashi da kashi ɗaya cikin uku za ta ajiye ta bayan ƙyaure ta aika a sayo icce da gawayi. Mai lambu a Gulbin Maraɗi da ya juya injin ban-ruwansa zuwa gas, shi ma zai koma fetur. Harajin da aka sa don yanayi zai ƙare da sarar daji.

Kuma duk wannan a kan wane hayaƙi? Abin da ɗan Nijar ke fitarwa daga mai da gas da kwal bai wuce kilo 100 a shekara ba, matsakaicin duniya ya haura tan 4, Ba'amurke kusan tan 14. Fiye da kashi 80 cikin 100 na iskar da ƙasar nan ke fitarwa daga noma da kiwo da sarar icce take, galibi iskar metan da ke fita daga tumbin dabbobi. Babu kontar da za a ɗaura wa saniya, babu ma'aikacin haraji da zai auna hayaƙin murhu a Mayahi ko Dakoro.

Ga kuma iyaka. Daga Maraɗi zuwa Ɗan Isa tafiyar ƙasa da awa ɗaya ce, kuma tazarar farashi tsakanin nan da Jibiya ita ke faɗa wa jarka inda za ta nufa. Da Najeriya ta cire tallafi a ƙarshen Mayun 2023, lita can ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, kwalaben ƴan ruwa-ruwa, masu sayar da man Najeriya a bakin hanya, suka yi tsada. Mutane ba su daina hawa babur ba, gidajen mai suka koma, har matatar SORAZ mai tace ganga 20,000 a rana ta kasa ɗauka, aka ga layukan mai na watan Maris na 2025. Duk sefa 75 da aka ƙara a famfo riba ce aka ƙara wa mai fasa-ƙwauri, baitulmali ba zai gan ta ba, hayaƙin kuma yana nan. Faransa ma, da duk ƙarfin hukumarta, dole ta tsayar da nata harajin a yuro 44.6 bayan boren masu riguna ɗorawa a ƙarshen 2018.

Ƙasar nan ta taɓa gwada gyara hali da farashi, kuma a kan icce. Dokar 1992 ta kafa kasuwannin icce na karkara, irin waɗanda ke kewayen dajin Baban Rafi, ta sa haraji mai hawa-hawa: iccen da aka saro daga dajin da aka tsara, bisa ƙayyadadden kaso, ya biya kaɗan kuma wani ɓangare ya tsaya a ƙauye, wanda aka saro barkatai ya biya da yawa. Tsarin a takarda ba shi da makusa. Inda ya yi rauni shi ne bakin gari. Muddin amalanke da raƙumi za su shigo da dare ta hanyar da babu shinge, mai bin ƙa'ida shi ke asara, kason shekara kuma sai a wuce shi ba wanda ya ƙirga. Farashin da babu mai tsaronsa bai fi dokar da babu mai tsaronta ba.

Babban aikin yanayi da jihar nan ta yi kuwa, ba a biya kowa ko dala a kan tan ba. A ƙarƙashin tsohuwar dokar daji icce na hukuma ne, manomi na iya shan tara don ya datse reshe a gonarsa, shi ya sa yake tumɓuke toho tun yana ƙarami. Daga 1983 zuwa 1984, malamin gona ɗan Ostireliya Tony Rinaudo da manoman wannan yanki suka fara abin da ake kira sassaben zamani: a zaɓi kututture mai rai na kalgo ko sabara ko gawo, a bar rassa uku zuwa biyar mafiya ƙarfi, a datse sauran da kaifin wuƙa daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya yage, a ɗaura ƙyalle alamar mai shi. Da hannun hukuma ya sassauta, aka samu dokar karkara ta 1993 da dokar daji ta 2004, abin ya bazu zuwa hekta kusan miliyan 5, bishiyoyi kusan miliyan 200, yawanci a Maraɗi da Damagaram. Kudurin gwamnati na 2020 ya tabbatar wa manomi haƙƙin abin da ya raina. Saura aiki: a juya kudurin zuwa Hausa a karanta a gidajen rediyon karkara, a rubuta gonakin a kwamitocin ƙasa na ƙauyuka, a sauƙaƙa izinin sarar iccen da mutum ya raina da hannunsa, a kuma tsaya wa kwamitocin sintiri a kan ɓarayin dare. Manomin da aka sare masa gawo sau biyu ba a hukunta kowa ba, ba zai sake barin toho ba.

Yanzu ga inda muka fi sani, wato kayan wuta. Akwai wuraren da tsadar kuran ba ta isa kunnen mai yanke shawara. Mai sayen firigo kuɗin yau yake dubawa, ba shi da hanyar sanin abin da zai sha a shekara. Mai gidan haya shi ke sa kilim mafi araha, ɗan haya ke biyan wuta. Gida biyar a kan konta ɗaya, ba wanda zai yi tsimi don maƙwabci. Ofishin gwamnati kuma baitulmali ke biya masa. A irin waɗannan, ko an ninka farashi kayan da ke kasuwa ba za su canza ba. Doka ce ke canza su.

A ɗauki tsohon firigo na Turai. A jikin farantin bayansa akwai harafin ajin yanayi: N na nufin an gina shi don zafin da bai wuce digiri 32 ba, ST zuwa 38, T zuwa 43. A watan Afrilu da Mayu, ɗakin kwano a unguwar Zariya ko Bagalam a nan Maraɗi yana wuce 40. Firigo mai N a nan kwamfaresansa ba ya hutawa, robar ƙofa ta saki, sosan bango ya sha danshi, sai ya sha wuta ninki biyu ko uku kafin ya ƙone. Gana ta yi doka a 2008, ta hana shigo da tsofaffin firigo daga 2013, ta sa takardar taurari a jikin sababbi, ta kuma ba da rangwame ga wanda ya kawo tsohonsa. Matsakaicin abin da firigo ke sha can ya sauko daga kusan kilowat-awa 1,200 a shekara zuwa ƙasa da 400. Firigo 10,000 kawai, bambancin kilowat-awa miliyan 8 ne a shekara. Ga garin da ke rataye da layin wutar Katsina zuwa Gazawa, wanda ya ga abin da ya faru da aka katse shi a Agustan 2023, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ƙungiyar ƙasashen sefa ta Afirka ta Yamma, UEMOA, ta fitar da umarnin sa takardar shan wuta a jikin kaya tun 2020. Abin da muke nema shi ne a aiwatar: kada a shigo da firigo ko kilim sai mai ajin T da takardarsa, a ba ƴan kasuwa wata goma sha biyu su sayar da abin da ke hannunsu. Kuma firigo ba jarka ba ne, ba ya ɓoyuwa a bayan babur.

Gas ɗin sanyi shi ne wanda ba a magana a kai, alhali a nan riba ta fi arha. Kilo ɗaya na R22 da ke cikin kilim ɗaya, idan aka sake shi a iska, daidai yake da kusan tan 1.8 na kabon, kamar an ƙone lita 780 ta fetur. R134a na firigo da motoci ƙarfinsa wajen ɗumama duniya kusan ninki 1,430 na kabon ne, R600a kuwa ninki 3. A yau yawancin masu gyara sakin gas suke yi don ba su da injin zuƙewa, kuma suna cikawa ba tare da sun toshe yoyon ba. Maganin ba shi da tsada: injin zuƙe gas da kwalbar ajiya da famfon fitar da iska da sikeli, a ajiye su a cibiyar koyon sana'a ana aro, a ba da takardar shaida ga wanda ya koyi aiki da R600a, domin yana kama wuta kuma da awon giram ake zuba shi, ba da ƙiyasi ba. Yarjejeniyar Montreal ta 1987 da gyaran Kigali na 2016, waɗanda suka taƙaita irin waɗannan gas, doka ce tsantsa, kuma asusunta yana biyan irin wannan horo.

Ƙwan LED mai wat 9 yana ba da hasken tsohon ƙwai mai wat 60, awa biyar kullum ya rage kilowat-awa 93 a shekara. Amma kasuwa ta cika da wanda aka rubuta 15 yana jan 7, ɗan kwandansan cikinsa ya bushe da zafi cikin ƴan watanni. Haka farantin sola da aka liƙa wa wat 300 bai kai 200 ba, da batirin da aka rubuta amfiya-awa 100 amma bai kai kilo 20 ba, alhali na gaskiya kusan kilo 30 yake yi don dalmar cikinsa. Wanda ya sayi irin wannan sau ɗaya ya koma janareta, kuma ya gaya wa maƙwabta sola ƙarya ce. Gwajin farko ba ya buƙatar ɗakin bincike: na'urar awon wat, malti-mita da sikeli sun isa ma'aikacin duwan ya ware abin tuhuma, a aika samfur Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ta tabbatar.

Murhu ma haka. Duwatsu uku kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na zafin icce kaɗai suke kai wa tukunya. Mai Sauƙi na ƙarfe da Albarka na laka suna iya ninka wannan, amma sai tazarar tukunya da bangon murhu ta tsaya kusan santimita ɗaya, wato kowace lambar tukunya da murhunta. Idan maƙeri ya yi da siririn kwano ya cinye cikin shekara, ko murhun ya riƙa gocewa lokacin tuƙin tuwo, uwargida za ta mai da shi mazaunin kaji. A yanka kaurin ƙarfe da awo, a ba maƙera ma'aunin yanka, kuma a gwada a gidaje: a auna iccen kwana uku zuwa bakwai da sikeli, kafin da bayan.

Gwamnati ta fara da kanta, ba sai an kai majalisa ba. A tsayar da kilim na ofisoshi a 24 maimakon 18, kowane digiri kusan kashi 6 cikin 100 ne na wuta. A wanke matatarsa duk mako biyu lokacin ƙura, a shafa wa rufin kwano farin fenti, a sa silin. A liƙa takardar kuɗin wutar kowace ma'aikata a ƙofarta duk wata.

Mun san doka ma tana da nata ciwon. Dokar hana leda ta 2014 tana nan, kowa kuma ya ga magudanan garin nan a ambaliyar 2024. An hana abu ba a tanadi madadinsa ba, ba a ware kuɗin masu sa ido ba. Dokar da ta yi yawa ƙofar cin hanci ce. Tsimi kuma yakan ci kansa: famfon sola ba ya shan mai, sai mai lambu ya bar shi yana zuba tun hantsi har la'asar, ruwan fadama ya yi ƙasa, ga shi dama madatsar Jibiya ta rage abin da gulbi ke kawowa. Don haka kaya huɗu ko biyar kawai muke so a kama, a riƙe su da gaske, famfon sola kuma a haɗa shi da tanki da awon zurfin rijiyoyi.

Inda farashi zai yi amfani a Nijar wurare kaɗan ne: matatar mai, rijiyoyin Agadem, tashar kwal ta SONICHAR, masana'antar siminti ta Malbaza, da manyan injinan gazuwal na lantarki. A fara da wajabta musu awo da rahoton shekara wanda wani daban zai tantance, shekara biyu ko uku, kafin a yi zancen kuɗi. Afirka ta Kudu ta shafe kusan shekara goma tana shiri kafin ta fara a 2019 da rand 120 kan tan, kuma da rangwamen da ya kai kashi 95 cikin 100. Akwai kuma farashin da ba ya taɓa aljihun kowa, na lissafi a takarda: duk lokacin da hukuma ke kwatanta injin gazuwal da tashar sola irin ta Malbaza ko Gorou Banda, ta ƙara kusan sefa 25 kan kowace kilowat-awa ta gazuwal, sannan ta zaɓa.

Saura masu sayen takardun kabon, wato shaidar cewa an rage tan kaza na hayaƙi, waɗanda idonsu ke kan bishiyoyin manomanmu da murhun matanmu. Binciken jami'ar Berkeley da aka wallafa a 2024 ya gano ayyukan murhu da ya duba sun yi iƙirarin kusan ninki tara na abin da suka rage, ta hanyar kumbura yawan amfani da murhun da kuma kason iccen da ba ya sake tohowa. Aikin dashen dakwara da Bankin Duniya ya tallafa a ƙasar nan ya haura shekara goma kafin kuɗin farko su isa ƙauyuka. Kuma tan ɗin da Nijar ta amince ta sayar wa wata ƙasa, ba za ta sake ƙirga shi cikin nata alkawarin ba. Muna roƙon a buɗe rajistar da kowa zai iya dubawa, a karanta kowace kwangila da Hausa a gaban maigari da masu gonaki kafin a sa hannu, a rubuta kason manomi da lamba da ranar biya, a hana duk sharaɗin da zai hana shi sassabe ko ɗibar ƴaƴan gawo wa dabbobinsa, kuma kada a sayar da bishiyar da ta riga ta girma kamar aikin ne ya fito da ita.

Idan za a fara da abu ɗaya kafin zafi mai zuwa, a sayo firigo ashirin, ƙwai hamsin, farantin sola ashirin da batiri ashirin daga babbar kasuwar Maraɗi kamar yadda kowa ke saye, a auna su a jami'a a gaban ƴan kasuwa da ma'aikatan duwan da na kamfanin lantarki NIGELEC, a karanta sakamakon a rediyo. Kayan awo da hannun aiki muna da su, kuma a shirye muke ranar da aka kira mu.

Allah ya ƙara wa shugabanni lafiya da basira. Wassalamu alaikum.

Daga wasu masu sana'ar sanyi da sola da ƙira, da malaman gona da na daji, Maraɗi.